Kashi na Biyu da Aka Gyara a Sanyuanli

Wani ne fa ya zo Guangzhou ta ƙasar Sin sarin takalma. Kafin ya baro Kano, matarsa Najiba ta kalli wani fim ɗin Indiya, na saurayin da ya so aljana. A ƙarshe saurayin ya mutu. Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta ce masa, "Ka nemo mini kashi na biyu. Amma wallahi in ka kawo mini wanda ake mutuwa a ciki, gidanmu zan tafi."

Mutumin naka kuwa yana son matarsa kamar me. Bai ko kalli takalma ba, sai unguwar Sanyuanli, shagon wani Basine mai sayar da faifai, wanda kowa ke kira Laoban.

Laoban ya saka masa kashi na biyu ya gwada. Aka yi rawa a kan dutse, aka yi waƙa cikin ruwan sama. Saurayi ya dawo duniya. Can ƙarshe sai aljanar ta mutu.

"Subhanallahi! Babu wani?"

Laoban ya ɗauko bugu na musamman, mai kwali na zinariya. A wannan, su biyun duk suka mutu. Ya ɗauko mai faifai biyu, wanda aka mayar da wuraren da aka yanke. Nan har uwar saurayin da dokinsa ba su tsira ba.

Gumi ya karyo wa mutumin naka. Ya ce, "Laoban, wanda ba a mutuwa fa?"

"Meiyou. Babu."

"Haba Laoban! A garin nan in na kawo baƙin takalmi na ce a yi mini ja, ana yi. Ga samfur a gabanka. Ka cire mini mutuwar kawai, sauran ka bar shi."

Basine kuwa ba ya cewa ba zai iya ba. Ya ce, "Gobe."

Washegari gogan ya karɓo faifai, ya kira Maidaji, wani ɗan Maraɗi da suke masauki ɗaya, ya zo ya sha kallo. Ashe Laoban juya fim ɗin ya yi, daga ƙarshe zuwa farko. Gawa ta miƙe. Doki ya tashi ya zura da baya. Hawaye na hawa kumatu yana komawa ido, ruwan sama yana komawa sama. Gogan sai tsalle yake yana tafi: "Kai, Sin ta ci gaba! Ka ga ko kaza ba ta mutu ba!"

Maidaji ya yi dariya har ya faɗo daga kujera. Ya ce, "Kai wawa! Ranar da madam ta ga wannan shirme, ba ta kwana gidanka. Sai gidansu!"

Gogan ya ce, "Ta tafi mana! Sai in gaya wa Laoban ya juyo mini ita da baya."