Jak Ɗin Kaka Yana Sauka

"Sannunku da hutawa, ƙafafu. Ina mai ku ya shiga ya bar ku a rana?"

Ƙafafun suka motsa. Su kaɗai suka leƙo daga ƙarƙashin tsohuwar motar da ke tsakar gida, sirara, sanye da takalman roba. Daga can ciki muryar Kaka ta fito.

"Wa nake ji kamar Gajeriya? Na ce a riƙa rufe ƙofar nan, kowace akuya sai ta faɗo."

"Akuyar ce ta kawo maka maganin gwiwa. In ba ka so ta koma da abinta."

Gajeriya jikarsa ce, 'yar babban ɗansa. Duk zuriyar babu wanda ya kai ta tsawo, don haka ya laƙa mata wannan suna tun tana budurwa, ya bi ta har ajin da take koyarwa. Daga makarantar ta biyo a ranar. Gwaggonta da ke zaune da tsohon ta fita unguwa, gidan babu kowa sai shi da motarsa, wadda ya cire wa tayar gaba ya jingine ta da bango.

Tun kafin ta tambaya ya fara fankama. Ya ce shi da makanikai an raba gari, sun daina cin kuɗinsa a kan noti ɗaya da ya kwance. Jiya ya shiga kasuwa da kansa ya zaɓo kayan aiki: akwatin sufana, sukudireba manya da ƙanana, filaya, da wani jan jak na ɗaga mota mai sheƙi, duka a rabin abin da manyan shaguna ke faɗa. Mutumin da ba ya taɓa mota sai jefi-jefi, in ji shi, ba ruwansa da kayan gareji. Har mai shagon ya so ya liƙa masa wasu ƙafafun ƙarfe da ake tokare mota da su bayan an ɗaga ta.

"Na ce masa ni mota zan gyara, ba gada zan gina ba."

"Kai da murfin kwalba ma sai an buɗe maka?"

"Yarinya, ni da na taɓa ɗaga babbar mota da kafaɗa, na sauya mata taya da hannu ɗaya."

"Ɗayan hannun yana riƙe da sandarka ke nan."

"Yana riƙe da takardun 'yan mata masu roƙon in aure su. Ke ce dai kika yi sa'a, don tausayi na karɓe ki."

Ta durƙusa za ta ajiye ledar maganin kusa da ƙafarsa, dariya a bakinta. Nan idonta ya kai kan jak ɗin. Wani mai ne ja-ja-ja yake tsatsowa daga wuyansa, ya gangara ya yi ɗan tafki a kan siminti. Ta zuba wa sandar ƙarfen da ta tokare motar ido, sai ta ga tana shigewa ciki a hankali, kamar ana haɗiye ta. Motar ta yi wata 'yar siririyar ƙara, ta yi shiru.

Dariyar ta ɗauke. Ta san halin tsohon nan sarai: in ta yi ihu zai zabura ya bugi ƙarfe, motar ta ƙarasa faɗowa, in kuwa ta faɗa masa cikin wasa zai ce baƙin ciki take yi da jak ɗinsa. Ta gwada duk da haka, da muryar da ta saba.

"Tsoho, fito in ga fuskar angona mana. Ko an hana ni gani ne?"

"Saura noti ɗaya. Fuska irin tawa ba a ganinta kyauta."

Motar ta sake yin ƙarar nan. Gajeriya ta kwanta da ciki a ƙasa, ta leƙa. A cikin duhun ta ga farin gemunsa, ta ga ƙarfen cikin motar ya kusa taɓa maɓallin rigarsa.

"Kaka," ta ce.

Hannunsa ya tsaya da juya sufanar. Rabon da ta kira shi da wannan suna tun tana zama a cinyarsa.

"Kaka, jak ɗin yana sauka. Kada ka yunƙura. Zamo a hankali ka fito."

Bai yi gardama ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ta. Ta ga ya dogara da gwiwar hannu yana son ya ja jiki, ya tsaya, ya sake gwadawa. Can ya ce mata, ƙasa-ƙasa, kafaɗar rigarsa ta kama wani abu, kuma babu wurin da zai juya ya cire.

Wayarta na cikin jaka a bakin ƙofa. Maƙwabta suna bayan katanga, amma kafin ta buga ƙofa a amsa, a nemo takalmi a fito, ba ta san me za ta dawo ta tarar ba. Ta kai hannu za ta kama hannun jak ɗin ta ƙara ɗaga shi, ya hango ta ya ce kada ta kuskura ta taɓa shi. Ta waiga, idonta ya faɗa kan tayar da ke jingine da bango.

Ba ta taɓa sanin taya na da nauyi haka ba. Ta gangaro da ita, ta kwantar, ta zauna a ƙasa ta sa ƙafa biyu tana tura ta ƙarƙashin gefen motar, tana addu'a kada ta goga wa jak ɗin. Numfashinta ya fara fita da kuka. Ya ji, sai ya soma magana.

"Gajeriya, in ta faru, na bar miki jak ɗin gado. Kada ki bari ubanki ya ƙwace."

"Ba na so. Yi shiru ka shanye tumbin nan."

"Tumbin da nake tarawa tun kafin a haifi ubanki? Yau ɗaya ba zai tafi ba."

"To ka riƙe numfashi. Kullum surutu, yau dai ka huta."

Tayar ta shiga da ƙyar, saman robar na gogar ƙarfe. Ta rarrafa ta koma wajen ƙafafunsa, ta kama idon sawunsa biyu, ta ce masa ya rufe ido. Ta ja, bai motsa ba. Ta kafa dugaduganta a siminti ta sake ja da duk ƙarfin da Allah ya ba ta. Riga ta yage, kwalin da yake kwance a kai ya zamo, tsohon ya fito gaba ɗaya, ita kuma ta faɗi da baya.

Ba ta gama tashi zaune ba jak ɗin ya saki. Motar ta faɗo kan tayar da wani nauyin sauti da ta ji har cikin haƙoranta. Ta kalli wurin da ƙirjinsa yake ɗazu, ta kawar da kai.

Kaka na kwance yana kallon sama, ƙirjinsa na hawa da sauka, kafaɗarsa a buɗe da ɗan ƙarce yana jini. Ita kuma hawaye na zuba mata, ba ta ko sharewa. Da ta ce su tafi asibiti ya ɗaga hannu ya motsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce komai na nan a wurinsa.

"Sufanonin dai ba su yi laifi ba," ya ce a ƙarshe.

"Ban ce sun yi ba. Sayi sufana mai araha, in ta karye ka yi asarar sufana. Amma abin da zai riƙe mota a saman ƙirjinka, a nan ka ga wurin neman ragi?"

"Mai shagon ya rantse mini."

"Mai shagon ya ce ka sayi ƙafafun ƙarfe, ka ce masa ba gada za ka gina ba."

Ya kalli jak ɗin. Sannan ya roƙe ta kada maganar ta kai kunnen ubanta, don ranar da ya ji, ranar zai sa a ja motar a sayar, a bar shi da kujera da rediyo. Ta ce bakinta ba ya rufuwa kyauta. Sai in gobe sun tafi kasuwa tare, ita ta zaɓi jak da ƙafafun tokarewa, shi ya biya ba tare da ya taya ba, kuma daga yau ba ya shiga ƙarƙashin komai, ko gado ne, sai da mutum tsaye a kansa.

Ya juyo zai yi musu, sai ya ga abin da ta rungume a ƙirji da hannu biyu tun ɗazu ba ta sani ba. Takalminsa ne na ƙafar hagu. Dariya ta ƙwace masa, ta haɗe da tari, har ya dafe haƙarƙari.

"Ɓarauniya. Ashe takalmin kika zo ceto."

"Shi ya fi ka daraja. Shi bai taɓa sa ni kuka ba."

Ya miƙo hannu. Ta ɗauka takalmin yake so, sai ya kama yatsunta ya riƙe gam.

"Kin ci, Gajeriya," ya ce. "Gobe ke za ki zaɓa. Takalmin ma riƙe shi, na ba ki. Ɗayan sai kin sake cetona."