Rasuwar Shuɗiya, A-kori-kurar Da Aka Toshe Wa Numfashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙora a cije, Malam Sodangi direba na bayan tashar jirgin ƙasa, Kaura Namoda, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka yi dariya, rasuwar a-kori-kurarsa Shuɗiya. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, cikin bazarar nan ta 1987, a hanyar kasuwar Shinkafi, dab da Badarawa, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya. Ajali ne, bai musa ba. Amma ta hannun mutum ajalin ya biyo, kuma mai hannun yana nan cikin gari yana shan fura.

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai kunya, mai tashi da bugu ɗaya. Da safe takan ce "kir-kir-kir, bum," sai unguwa ta san gari ya waye. Ta ɗauki geron Zurmi har bayanta ya lotsa, ba ta yi ƙorafi ba. Matan Fulanin Gurbin Bore sun shaide ta a kan ba ta taɓa ɓarar musu da ƙwaryar nono ba. A gabanta aka ɗauko Kulsumu daga Zurmi ranar da aka kawo wa Sodangi ita amarya, kuma har gobe yana cewa a wannan yinin bai san wadda ta fi wata kyau ba.

Ciwon ajalin ya fara wata huɗu da suka wuce. Aka kai ta gidan mai, ta kurɓi kaɗan, ta ce "gulul-gulul," ta tofo sauran a wandon mai ba da man. Wadda a da take cika cikinta kafin a gama gaisawa ta koma sai an lallaɓa ta da mazurari, ana tsiyaya ana jira. In an buɗe murfin tanki sai ta ja wata doguwar ajiyar zuciya, "shiiii." Daga nan suma ta biyo baya. Tana cikin tafiya sai ta yi tari, "tuf, tuf," ta tsaya cak. Sodangi ya sauko ya buɗe murfi don ya ga ko mai ne ya ƙare, ta nisa, ta tashi. Shi a zatonsa shagwaɓa ce ta tsufa. Ashe iska take roƙo, baiwar Allah, ba mai jin yarenta.

Ezekiel makanike ne ya yi jinyarta. Ya sauya famfon mai, ya wanke kafireta sau uku, ya zuƙi tiyo da bakinsa har leɓɓansa suka tsage. Ciwo bai tafi ba. Sai bakin tasha ya fara aikinsa, wai Ezekiel ne ya lalata ta. Direbobi suka kwashe motocinsu daga garejinsa ɗaya bayan ɗaya. Sodangi da kansa ya tsaya gaban jama'a ya kira shi makashin mota, kalmar da yanzu take hana shi haɗiye tuwo.

Ran Alhamis tankin ya gaji. Famfo yana zuƙar mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har tankin ya lotse kamar gwangwanin madarar da aka taka, ya tsage, mai ya ɗiga bisa salansar hayaƙi mai zafi. Allah Ya tsare, kowa ya dira lafiya. Sodangi ya tsaya gefen gona yana watsa mata ƙasa da hularsa har wutar ta gama abin da ta zo yi. Kalmarta ta ƙarshe hon ne, "fiiim," siriri, ba wanda ya danna.

Washegari Ezekiel, wanda ba a gayyata ba, ya hau babur ya je ya kwanta ƙarƙashin gawar. Ya fito da wani siririn bututun ƙarfe, wanda ta nan tanki yake shaƙar iska. An tanƙwashe bakinsa ninki biyu, an daddake shi da guduma, ga ragowar dalma a jiki. Duk matar da ta taɓa kai bokiti faci a Kaura ta san wannan ninkin.

Bincike ya nuna cewa ranar sunan ɗiyar Sodangi wani baƙo ya ƙoshi da waina, ya shiga inuwar motar ya miƙe. Ya ji warin fetur, ya ɗaga ido ya ga bututu baki buɗe. Mutum ne wanda in ya ga rami a jikin ƙarfe hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Ya ɗauko kayan aikinsa ya liƙe, ya yanko tsohon tub na taya ya ƙara wa murfi don kada ko ɗigo ya tsere, bai faɗa wa kowa ba. Wata huɗu yana hawa bayanta ba a karɓar masa ko godiya, yana ba da shawarar a yi mata hayaƙin aljannu. Da aka nuna masa bututun, sai ya ce ai taimako ya yi, rami rami ne, kuma a duba a gani ko aikinsa ya yi yoyo.

Kulsumu ta roƙi mijinta ya rufa asiri. Da roƙo bai ci ba, ta shaida masa cewa ranar da sunan mutumin ya fito a takarda, ranar za ta kwana gidan ubanta a Zurmi, kuma kada ya aiko kowa biko. Sodangi ya yi kwana uku yana auna maganar. Yana son Kulsumu, Allah ne shaida. A kwana na ukun ya bi ta garejin Ezekiel, ya tarar da shi zaune shi kaɗai yana goge sifanun da ba su taɓa komai ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar safaya taya ɗaya, da jak, da igiyar ɗaurin kaya, da mabuɗinta wanda har yanzu yake aljihun mai ita.

Za a ɗauko gawar ranar Asabar da safe, da shanu biyu da makiyayan Gurbin Bore suka ba da aro, a kai ta garejin Ezekiel, inda Sodangi zai nemi gafararsa a gaban duk wanda ya ji zagin. Za a rataye bututun a ƙofar garejin, a rubuta sunan mai aikin a ƙasansa: Muhtari mai facin bokiti, ƙanin Kulsumu. Ba a buƙatar gaisuwarsa.

Zaman makoki a ƙofar gidan Sodangi ne, na maza kawai, domin babu mai karɓar mata a ciki. Masu zuwa su ci abinci a gidajensu. Tun jiya ba a hura wuta ba.