Yadda Ake Gyara Waifai a Kwamfutar Suruki Har Ta Mutu

Ina ba ka tabbaci, idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar kwamfutar da aka kawo maka ba za ta ƙara damun kowa da matsalar waifai ba har abada. An gwada hanyar a kan mutum mai rai, wani da dangin matarsa ke kira Injiniya. Ba injiniya ba ne, a ofishin ajiye takardu yake aiki. Zuwansa na farko gidan surukai ya sauya wa agogon bango batir, agogo ya tashi, suna kuma ya bi shi. Shekara shida yana cin wannan suna, kujera mai hannu tasa ce a falo, har ranar Asabar ɗin da surukinsa ya aika a kira shi.

1. Karɓi aikin kafin ka ji matsalar

Surukin nasa tsohon malamin makaranta ne. Shekara goma sha ɗaya ya kwashe yana buga tarihin zuriyarsu da yatsu biyu, a wata kwamfutar cinya mai nauyin bulo wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, ba ta aiki sai a jone da wuta. Saura babi ɗaya littafin ya kammala, kuma babu kwafinsa ko'ina a duniya. Ya tashi tura wa mai ɗab'i abin da ya gama, sai ya tarar waifai ta ɓace.

Idan ka samu kanka a nan, kada ka tambayi yaushe abin ya fara. Tambaya aikin ɗalibi ce. Naɗe hannun riga, ka ce, "Baba, ai wannan aikin minti biyar ne." Kada kuma ka kwafe littafin a filashi tukuna, domin yin haka na nuna kana tsammanin kuskure. Injiniya yana da filashi a jikin makullansa, ko tunawa da shi bai yi ba.

2. Kashe, ka kunna

Wannan shi ne rabin ilimin kwamfuta, ɗaya rabin kuma ɗaure fuska ne. Tsohuwar kwamfuta takan ɗauki minti bakwai kafin ta farka. Yi amfani da lokacin wajen kasa kunne a jikinta kana gyaɗa kai. Maimaita sau uku.

3. Ɗora wa direba laifi

Direba wani ɗan shiri ne da ke koya wa kwamfuta magana da katin waifai da ke cikinta. Ba sai ka fahimta ba, kai dai ka ambaci kalmar ka girgiza kai kamar wanda ya ji labarin rasuwa. Daga nan ka goge shi.

Sai bayan ya goge ne Injiniya ya gane cewa sabon direba daga intanet ake saukewa, intanet ɗin kuma ita ce babu. Ya sauke a wayarsa, ya yi rabin awa yana neman kebul, aka samo masa uku, biyu caji kawai suka iya. Fayil goma sha ɗaya ya gani masu suna kusan iri ɗaya, ya zaɓi mafi girma, don a ganinsa babba ya fi sanin aiki. Da ya saka, waifai ba ta dawo ba, sauti ma ya tafi. Idan haka ta same ka, ka shaida wa mutanen gida cewa ciwon ya fara motsi, alama ce mai kyau.

4. Toshe kunnenka

Za a kawo maka shawarwari. Matar Injiniya ta raɗa masa cewa akwai mai gyara a bakin kasuwa, ya harare ta. Surukarsa kuwa, baiwar Allah mai tsabtar da har igiyar wuta take gogewa, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce ita dai kullum da safe takan goge kwamfutar da ƙyalle, ko ta taɓa wani abu ne? Ya yi murmushin manya, ya ce Mama ta kwantar da hankalinta, ƙyalle ba ya kaiwa inda matsalar take.

5. Shiga inda ba a kira ka ba

Idan awa uku ta wuce kuma surukinka ya fara cire tabarau yana mayarwa, lokacin sabunta famwaya ya yi. Famwaya ita ce karatun farko da kwamfuta ke yi kafin ta san ko ita wace ce. Idan aka katse ta ana cikin sauya mata wannan karatu, ba ta da na da, ba ta da sabo.

Shirin zai gargaɗe ka da jan rubutu cewa kada wuta ta yanke. Zai ma ƙi farawa, ya ce batir ba lafiya. Kada ka ji tsoro, akwai wani bawan Allah a intanet, mara suna mara fuska, da ya rubuta yadda ake tilasta shi shekara tara da suka wuce. Mutum biyu sun yi masa godiya, goma sha huɗu sun zage shi. Injiniya ya karanta na mutum biyun kawai.

6. Riƙe kunyarka

Soket ɗaya ne ke aiki a falon. Layin da ke kan allo ya kai kashi sittin da uku cikin ɗari lokacin da Mama ta shigo da butar lantarki. Ta ga surukinta na gumi tun hantsi bai sa komai a bakinsa ba, tausayi ya kama ta, ta ce bari ta dafa masa shayi.

Injiniya ya ga hannunta ya nufi soket. Yana da daƙiƙa biyu cif. Amma shekara shida bai taɓa ɗaga murya a gabanta ba, ko ido ba sa haɗawa, ta yaya zai daka wa uwar matarsa tsawa a gaban mijinta? Sai ya yi gyaran murya. Ta ɗauka ƙishi ne, ta ƙara sauri, ta zare igiyar kwamfutar ta jona ta butar.

Allo ya yi baƙi. Injiniya ya danna, ya sake dannawa, fanka ta yi ɗan nishi ta yi shiru. Tsohon ya matso, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Littafin yana nan dai ko?" A littafin nan akwai labaran da tsohon ya ji daga bakin mutanen da duk sun riga mu gidan gaskiya. Injiniya ya ce yana nan, alhali bai sani ba. Ya shanye shayin da zafinsa.

7. Je wurin mai gyara kai kaɗai

Wannan matakin Injiniya bai samu yi ba, domin tsohon ya sa hula ya ce tare za su. Mai gyaran ya juya kwamfutar, ya ce ita kam ta riga ta tafi, wa ya aike ku famwaya? Ya kwance ƙusoshi huɗu, ya zaro ma'ajiyar fayiloli, ya jona a tasa. Minti goma da suka biyo baya sun fi shekara shidan tsawo. Da sunan littafin ya bayyana a allo, tsohon ya nemi benci ya zauna, ya cire tabarau ya daɗe yana goge su.

Suna shirin tafiya mai gyaran ya sa farce a gefen kwamfutar, ya tura wani ɗan maɓalli da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce na kunna waifai ne, a kashe yake, irin waɗannan ko ƙyalle ya goga sai su zame. Tsohon ya kalli maɓallin, ya kalli surukinsa, suka kama hanyar gida.

8. Karɓi hukunci

A gida Baba ya shaida wa kowa cewa tsufa ne ya kashe kwamfutar, Injiniya ya yi iya ƙoƙarinsa. Mama har da sa masa albarka. Sai dai tunda babu abin bugawa, babin ƙarshe Injiniya zai riƙa zuwa da tasa kowace Asabar, Baba na faɗa yana bugawa. Babin a kan surukan gidan ne.

Asabar ta huɗu aka zo kansa. Tsohon ya jingina, ya lumshe ido, ya ce, "Rubuta. Mijin 'yata ta biyu mutumin kirki ne, mai kunya, ya gwammace ya rasa komai da ya ɗaga wa surukarsa murya. Jikokina su riƙe shi da daraja. Amma duk abin da ya wuce agogon bango, kada a ba shi." Injiniya ya buga, ya adana a filashi biyu. An buga littafin kwafi ɗari uku, an raba wa dangi kaf.

Sanarwa: mai wannan rubutu ba shi da alhakin kwamfutar da ta mutu, ko sunan da ya zube, ko harshen da shayi ya ƙona. Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. Masu ƙorafi su duba gefen kwamfutarsu tukuna, kuma kada a neme ni ranar Asabar.