Rasuwar Kunnen Gida, Hedifon ɗin Malam Birki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ba wurin ajiye wani, iyalan Malam Birki, mai koyar da tuƙin mota, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da suka sha jin ihu ta bango, rasuwar hedifon ɗinsu, wato abin sauraron da ake ɗorawa a kai, wanda aka fi sani da Kunnen Gida. Marigayin ya riga mu gidan gaskiya da tsufansa, saura 'yan makonni a saki sabon gem, wato wasan tsoron nan na talabijin na jirgin sararin samaniya, da gidan ya daɗe yana jira. Ba a ce da gangan ya zaɓi lokacin ba, amma dai bai kyauta ba.

Wanda bai san gidan ba zai ce mene ne abin sanarwa a mutuwar hedifon, don haka sai an ɗan yi bayani. Malam Birki mutum ne da yake wuni zaune kusa da masu koyon tuƙi, irin waɗanda idan ka ce su taka birki sai su danne totur. Ya sha ganin katanga tana nufo shi, ko gezau bai yi ba, sai dai ya taka nasa birkin ya ce, “A sake gwadawa.” Daga nan ya samo sunansa. Amma wannan namijin duniya, da zarar ya kunna gem ɗin tsoro ya ji ƙofa ta yi ƙara a cikin kunnensa, sai ya wurgar da hannun gem ɗin, abin latse-latsen da ake sarrafa wasan da shi, ya haye kujera. Idonsa yana iya kallon kowane irin dodo, kunnensa ne matsoraci. Matarsa kuwa, Maman yara, akasin haka take. Idan ta ga mummunar fuska a talabijin sai ta yi mako tana ganinta a jikin labule, amma kunnenta ya gama gogewa, domin aikinta amsa kiran masu ƙorafi a wani kamfani, kuma babu irin gurnanin da ba ta ji ba.

A kan haka aka raba aiki, kuma a nan marigayin ya yi hidimar rayuwarsa. Duk Asabar da rana tsaka, labule a buɗe, Malam Birki zai zauna a kan kafet yana fuskantar talabijin, babu sauti ko kaɗan. Maman yara za ta zauna ta jingina bayanta da nasa, tana kallon bango, Kunnen Gida a kanta, wayarsa ta ratso ta kan kafaɗa. Idan ta ji motsi ta hagu sai ta zungure shi da gwiwar hannun hagu, idan ta dama, da ta dama. Idan ta zungura da duka biyun, ma'anarsa ya ranta a na kare. Idan kuwa ta ƙwala masa ƙeyarta a tasa ƙeyar, to abin yana bayansa, kada ya kuskura ya waiwaya. Da haka suka ratsa asibitocin da aka yi watsi da su, da tashoshin ƙarƙashin teku, da wata duniyar da rana ba ta fitowa, shi kurma ita makauniya, kuma ba su cika shan kashi ba.

Sai dai tun ranar farko an gindaya sharaɗi. Maman yara ta juya marigayin a hannunta, a lokacin yana sabo fil yana ƙamshin kwali, ta ce, “Baban yara, duk mako kunnena a cikin ƙorafin mutane yake, yanzu kuma ranar hutuna ka haɗa ni da dodanni. Zan yi maka. Amma ranar da abin nan ya mutu, na ajiye aiki. Ba za a sayo wani a ɗora min ba.”

Duk wanda ya san ta ya san ba ta magana biyu. Shi kuwa Malam Birki, da shekaru suka tura, yara suka girma kowa ya kama gabansa, sai ya lura cewa wannan zaman na Asabar shi kaɗai ya rage musu wanda ba a zancen famfon da ke yoyo ko wa zai je gaida wa. Ita tana aikin karɓa-karɓa, shi yana bisa titi. Bai taɓa faɗa mata ba, domin ba irin maganar da yake iya faɗa ba ce, amma yana tsoron ranar da za ta tashi daga bayansa fiye da duk wani dodo da aka taɓa zanawa. Shi ya sa marigayin ya ga gata irin wanda yaran gidan ma ba su gani ba. An buga masa ƙusarsa shi kaɗai a bango. Da soson kunnensa ya fara marmashewa, an ɗinka masa riga da tsohuwar safa. Da wuyansa ya tsage, an naɗe shi da salatif, aka ƙara wani a kan wani har ya yi kama da mai karaya. Wanda duk ya taɓa shi ba izini, ranar zai ji yadda mai koyar da tuƙi yake faɗa idan ya sauka daga mota.

Marigayin ya kasance mai gaskiya, idan ya ce hagu to hagu ne. Mai riƙon sirri ne kuma, bai taɓa barin sauti ya tsiyayo waje ba, shi ya sa har yau abokan Malam Birki suna ɗaukarsa gwarzon da ba ya tsoron gem, kuma ana roƙonsu su karanta wannan sakin layi su manta. Maman yara, wadda ita kaɗai ta san muryarsa, tana tuna shi da ɗis… ɗis… na ruwa a lungun da ba kowa, da ƙiiii na ƙofar da ba a taɓa ba, da taf, taf, taf na sawun da yake tsayawa idan kai ma ka tsaya. Ta ce akwai wani numfashi da yake yi dab da kunnen dama, a hankali, kamar na mai jiran ka gama magana.

Gardamar abin da yake sa gem ya ba da tsoro ta daɗe a gidan, kuma ta ƙara zafi tun da aka fara tallan sabon. Abin da aka nuna kaɗan ne. Wani jirgi ne mai dakon ƙanƙara daga wata duniya mai nisa, ma'aikatansa duk suna barcin shekaru a cikin akwatuna. Mutum ɗaya ya farka, ba bindiga, ba sanda, sai tocila mai raunin batir. Ya shiga ɗakin cin abinci ya tarar da kofi a kan tebur yana tururi. Shi ke nan tallan. Malam Birki yana ganin wannan rowa ce. A wurinsa tsoro shi ne haƙora, da ido a inda bai kamata ido ya fito ba, kuma ya ƙosa a nuna masa fuskar abin ya san da wa yake yi. Maman yara ta ce ai da an nuna fuska an gama, domin abin da ka gani ka san iyakarsa. Ta ce tsoro yana wurin tambayar wa ya zuba ruwan zafin, da kuma sanin cewa hannunka ne zai tura ƙofa ta gaba, ba wanda zai tura maka kamar a fim. Sukan yi wannan musu har abinci ya huce, kowa ya tashi da ra'ayinsa.

Game da jinyar ajali, iyali suna neman afuwa, domin bayanin da aka fara bayarwa na lokacin rasuwar ba daidai ba ne. Gaskiya Malam Birki ya ɗan lura cewa a 'yan watannin nan ana yawan cinye shi a gem. Sai a zungure shi ta hagu, abin ya faɗo ta dama. Ya ɗauka shekaru ne suka fara taɓa kunnen Maman yara, ya yi shiru irin na mijin da ya san inda yake kwana.

Ranar da abin ya bayyana, an saki sabon talla, ita kuma tana wurin aiki. Ya ga rana tana haskawa, yaran unguwa suna wasa a titi, sai ya yi ta maza ya ce yau dai bari ya ji da kunnensa. Ya sauko da marigayin daga ƙusa, ya ɗora a kai, ya kunna. Mutumin jirgin yana tafe a dogon lungu, babu sauti ko na sawu. Malam Birki ya ce a ransa lallai masu gem ɗin nan sun san aikinsu, ashe matar nan tana da gaskiya. Ya kalli tallan har ƙarshe yana jiran ƙarar da za ta fashe, ba ta fashe ba. Sai da ya koma tashar labarai don ya huce, ya ga mai karanta labarai ma bakinsa kawai yake motsi. A nan ya gane hedifon ya mutu, amma abin da ya firgita shi sharaɗin Maman yara ne.

Ya naɗe marigayin a tawul ya garzaya da shi wurin mai gyara ba tare da ya gaya wa kowa ba, yana fatan a farfaɗo da shi kafin Asabar. Mai gyara ya warware salatif ɗin, ya buɗe, ya leƙa ciki.

“Malam, ai wannan ba jiya ya mutu ba,” in ji shi. “Dubi wayar, ta tsinke ta ciki har ta yi kore. Wata da watanni ke nan.”

“Ba zai yiwu ba. Asabar ɗin nan da ta wuce aka yi aiki da shi.”

“To, wanda ya sa shi dai shiru ya saurara.”

Da ya koma gida, ya samu Maman yara ta dawo tana cire takalmi a bakin ƙofa. Ya buɗe tawul ɗin a gabanta. Ta dubi gawar, ta dube shi.

“Au, sai yanzu ka gane?”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin a sake fentin falo.”

“To da me kike zungurina duk wannan lokacin?”

“Da bayanka. Idan na ji kafaɗarka ta hagu ta ƙame, sai in zunguri hagu.”

“Ke nan ni nake gaya miki, ke kuma ki dawo ki gaya min.”

“Ai muna dacewa wani lokacin,” ta ce, tana jera takalman. “Kuma bari in gaya maka, ban taɓa jin tsoro irin na watannin nan ba. Ba na gani, ba na ji, sai bayan mutum yana ƙamewa a jikina, ni kuma ina ƙirƙiro abin da ya gani. Babu kamfanin da zai iya zana abin da na zana.”

“Me ya hana ki faɗa?”

Ta ce, “Na ce ranar da ya mutu na ajiye aiki, kuma ka san ni da magana. Sai na ga gara kada labarin mutuwar ya fita.”

Malam Birki ya tsaya riƙe da tawul. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai ya ce bari ya je ya duba ko ya kulle mota. Ya daɗe a wajen motar.

Marigayin ya rasu ya bar na'urar gem, abokiyar zamansa, da hannayen gem biyu, ɗaya yana fama da tabon jifa. Ya bar talabijin da ba a taɓa bari ta yi magana ranar Asabar ba, da tsohuwar safa, da ragowar salatif. Ya kuma bar wani magaji sabo da babbar 'yar gidan ta aiko da jin labari, wanda har yanzu yana cikin kwalinsa ana yi masa kallon baƙo.

Ga yadda aka tsara. Za a ajiye marigayin a kan ƙusarsa don masu son yin bankwana, kuma ana karɓar gaisuwa a falo da rana, labule a buɗe. Ana roƙon masu zuwa su yi sallama tun daga nesa, kada kowa ya taɓa kafaɗar mai gida ta baya. Maman yara ta ajiye aikin sauraro kamar yadda ta alkawarta, kuma babu roƙon da zai sauya wannan. Saboda haka ranar da gem ɗin jirgin ya fito, Malam Birki ne da kansa zai ɗora magajin a kai, ya haɗa ido da kunne karo na farko tun da aka raba aiki. Tuni ya fara rama, kuma ana ba maƙwabta haƙuri tun yanzu.

Binnewa kuwa an ɗage ta har sai abin da hali ya yi, domin Maman yara ta hana a fita da gawar. Ta ce ranar da gem ɗin ya fito ita za ta ɗora marigayin a kanta, ta zauna inda ta saba zama. Ta ce Baban yara ya yi ihunsa son ransa, ita ba abin da za ta ji, tana nan dai a bayansa.