Akwatin Kukuma da Jakin Aro

Ko na manta da komai na samartaka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kora jaki tun daga Gaya har Ajingi ba, ina tafe ina hura hanci. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ce. Ban daɗe da gama koyon aikin kafinta ba, na buɗe 'yar rumfata kusa da tasha, ina buga benci da ƙyaure da akwatin amare. Sannan ina son wata yarinya a Kademi, Lami, 'yar Baba Ɗanjuma mai kukuma. (Na ce so, amma gaskiya ciwo ne. In ina buga ƙusa na tuno dariyarta, yatsana ne ke biyan bashin.)

Lami ba ta taɓa kiran sunana ba, "Kafinta" take ce mini, kuma har yau babu bakin da kalmar nan ta yi wa kyau kamar nata. Abin da ya rage mini kawai shi ne in shiga ran mahaifinta kafin in tura manya.

Sai ga dama ta kawo kanta. Wata rana na je gaishe shi, na tarar yana shanya kukumarsa a rana. 'Yar ƙaramar aba ce: ƙoƙo da aka rufe da fatar guza, da sanda, da tsirkiya guda.

"Damina ta ishe ni, ɗan nan," in ji shi. "Da ta sha danshi a jaka sai fatar ta saki, muryarta ta mutu. Na ga makaɗan Kano da akwati. Za ka iya yi mini?"

"Haba Baba, wannan ai ba aiki ba ne," na ce, tun bai rufe baki ba.

Na ɗauko zare na auna tsawonta da faɗin ƙoƙon da zurfinsa. Daidai nan Lami ta shigo zaure da kwanon ruwa, don haka rabin awon da ido ɗaya na yi shi.

"Abu guda," in ji Baba. "Ka kula da jaki. Kada murfin ya danne jaki."

"Na gane, Baba."

Wallahi ban gane ba. Amma yaya za a yi in ce ban gane ba, Lami na tsaye? A hanya na warware wa kaina matsalar: tsoho mai tausayi ne, a kan jaki zai riƙa ɗora akwatin, ba ya son a yi wa dabba nauyi. (Baba Ɗanjuma bai taɓa mallakar jaki ba. A keke yake yawo. Na san haka sarai, sai na ce ƙila niyyar saye yake yi.)

Mako biyu na yi a kan akwatin nan. Na samo katakon akwatin shayi saboda rashin nauyi. Na lanƙwasa gindinsa yadda zai zauna daram a gadon bayan jaki, na sa maƙeri ya yi mini zobba huɗu na ɗaura igiya. Na shimfiɗe cikin da tsohon bargo, na shafe wajen da koren fenti. Murfin kuwa na yi shi siriri, shafal, na kwantar da shi dab da bakin ƙoƙon, don kada a ƙara wa jaki ko nauyin allura. Duk wanda ya zo rumfa sai na nuna masa, ko bai tambaya ba.

Baba ya aiko cewa in kai masa Ajingi, inda zai yi wasa a bikin 'yar wani mai sayen gyaɗa. Na ji labarin Lami na cikin ƙawayen amarya. Sai na ari jakin maƙwabcinmu, don a ga aikin a inda aka yi shi dominsa.

Na isa bayan la'asar. An cika ƙofar gida, mata na gefe guda, Baba na kan tabarma yana gwada tsirkiya, mai kalangunsa na kusa da shi. Na ratsa taron da jakina har gabansa.

"Sannu da hanya, ɗan nan. Wannan jakin fa?"

"Ai kai ka ce a kula da shi, Baba," na ce da ƙarfi, yadda 'yan mata za su ji. "Duba, tun daga Gaya, ko alamar nauyi bai ji ba."

Mai kalangu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Baba ya buɗe baki zai yi magana, ni kuwa tuni na sauke akwatin, na karɓi kukumar daga hannunsa, na kwantar da ita a ciki. Murfin ya ƙi rufuwa, saura kamar yatsa guda. Na ce sabon katako ne. Na sa hannu biyu na danna.

Ɓus!

Baba ya ɗaga murfin a hankali. Fatar ta yage gida biyu. Ya sa yatsa cikin ƙoƙon ya zaro wani ɗan ice mai ƙafa uku, wanda ke tsaye a kan fata yana tallabe da tsirkiya. Ya ɗaga shi sama.

"Ɗan nan, wannan shi ne jaki."

Dariyar da aka yi, ina jin har tasha an ji ta. Bikin nan da kalangu tsura aka ƙarasa shi. Ni dai ban san yadda ƙafata ta fitar da ni daga garin ba. Sai da na yi nisa na tuna na baro jakin mutane a can.

Bayan mako guda Baba ya aiko: ya sa sabuwar fata, in zo in ɗaga murfin yatsa biyu, shi ke nan, akwati ya yi kyau. Lami ma ta aiko gwaggonta mai kawo daddawa kasuwar Gaya: "A gaya wa Kafinta ni ban yi dariya ba." Ban je ba. Duk inda na bi ana ce mini Kafintan Jaki, sai na ce bari in jira a manta tukuna. Na jira damina ta wuce, na jira aka cire gyaɗa.

Ranar da na je Kademi, na tarar an sa ranarta da wani ɗan tireda na Balan, kuma da yardarta. Ta fito zaure, ba ta zauna ba.

"Wata biyar, Kafinta," ta ce. "Duk sallamar da aka yi sai na leƙo. Baba kwana bakwai ya yi ya gyara kukumarsa. Kai me ya hana ka zuwa?"

Na yi mata fatan alheri, na juya na kama hanyar Gaya. Na yi aure, na yi jikoki, alhamdu lillahi, amma in na ji kukuma a rediyo sai in ajiye abin da ke hannuna.

Tun daga nan na yi wa gurmi akwati, na yi wa garaya, na yi wa goge, kuma duk makaɗin da ya faɗi kalma sai na ce ya nuna mini ita da yatsa. Wannan darasin mai arha ne. Mai tsadar shi ne: in ka tafka abin kunya, ka koma washegari tun ana dariyar. Ni na tsaya jiran a daina dariya, na je na tarar an daina jirana.