Zuciyar da Ta Saurari Jawabin Oga

Kai, Allah Ya yi wa Abuja gata da Ya ba ta Alhaji Dakta Maharazu Yamusa, Babban Daraktan Cibiyar Ƙere-ƙeren Lafiya! Daktan nasa na girmamawa ne, amma wa ya isa ya tambaya? Bawan Allah ne da in ya hangi makirfo sai yawunsa ya tsinke. Ma'aikata na kiransa Oga A-Taƙaice, don da wannan kalma yake buɗe kowane jawabi na awa uku.

A shekarun da kuɗin mai ke ambaliya, cibiyar ta sayo na'ura mai buga tsokar zuciya kamar yadda ake buga takarda. Ba tawada take sha ba. Ƙwayoyin halitta masu rai take jerawa, shimfiɗa kan shimfiɗa, har da siraran hanyoyin jini a ciki. Dakta Justina Kure, wadda ta san kan abin, ta yi wata bakwai tana fama. Sau goma sha ɗaya tsokar na mutuwa. A na sha biyu ta samu ɗan yanki, bai fi farce ba, yana bugawa a cikin akwatin ɗumi, wani ɗan famfo na tura masa ruwan abinci ta hanyoyin nan. Ranar har kuka ta yi don murna.

Oga ya leƙa, ya gyara zaman hula, ya ce, "Na faɗa muku zan iya." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aka sa ranar ƙaddamarwa. Aka kafa rumfuna, aka kira 'yan jarida, aka gayyato babban baƙo daga ma'aikatar lafiya, wanda ƙarin wa'adin Oga ke hannunsa. Ana buɗe taro da addu'a aka ɗauke wuta. Surajo mai kula da janareta ya zo ya rusuna.

"Oga, injin ba zai ja lasifika da na'urorin sanyi da ɗakin gwaji gaba ɗaya ba. Wanne zan cire?"

Justina ta yi wuf ta ce, "Ranka ya daɗe, don Allah kar a taɓa ɗakin gwaji. Batirin famfon minti arba'in kawai zai yi. In ruwan ya tsaya, tsokar ta mutu."

Oga ya yi murmushin manya. "Haba Dakta! So kike manyan baƙi su yi gumi? Minti biyar zan yi. Surajo, cire."

Ya hau mumbari ya fara gaisuwa. Kowane baƙo da sarautarsa, da ta mahaifinsa, da lambar girman da ake sa ran za a ba shi. Wanda aka tsallake ya yi gyaran murya, aka koma aka faro daga sama. Wallahi ba a kai ga daraktoci ba minti arba'in ya cika. Justina ta miƙe tana ɗaga hannu biyu, hankalinta a tashe.

"Kun gani ko?" in ji Oga. "Har ma'aikatana jinjina suke mini!"

Aka tafa. Ya ba da tarihin firamarensa, ya zarce zuwa yadda tun yana goye yake tunanin ciwon zuciyar talaka. Sai da aka kira azahar ya sauka, ya ja babban baƙo zuwa ɗakin gwaji, 'yan jarida na biye.

Baƙo ya sa ido a madubin likita. Ya daɗe yana kallo.

"Ina bugun?"

Oga ko gezau. "Ranka ya daɗe, ai ladabi ne. A cibiyata ko tsoka ba ta motsi a gaban manya."

Baƙo ya juya ga Justina, wadda idanunta suka yi ja. "Dakta, yaushe ta tsaya?"

Ta duba allon na'ura. "Sha biyu da kwata, ranka ya daɗe. Daidai lokacin da Oga ke rantsuwa cewa muddin yana kan kujerar nan, zuciyar nan ba za ta daina bugawa ba."

Baƙo ya gyaɗa kai, ya zaro biro daga aljihu, ya soke takardar ƙarin wa'adin Oga.

"To, Alhaji, ai ba ma bari a ce ka yi rantsuwar ƙarya."