Rijiyoyi Sha Huɗu da Yatsa Ɗaya

Ƙyallen da muke lulluɓe kwamfutar ofishinmu da shi duk Litinin ake wanke shi. Shekaranjiya na lura da haka, a nan Yendi, inda unguwarmu ta shekara uku tana jiran rijiyar burtsatse.

Aikina ba hayaniya: shigar da rahoton rijiyoyi. Kwafi kawai ke kan teburina. Asalin yana babbar na'urar ajiya, ita kuwa ba ta san canji ba sai an sanar da ita.

Ina zaune sai ga shugaban ofishinmu, Mai Girma Uban Ayyuka, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Baƙi za su zo daga Bawku duba aiki. Ya dangwala yatsa a kan foldar da ke cewa "Ba a Gama Ba".

"Ɗiyata, wannan suna na zubar mana da mutunci. Mai da shi 'An Gama'."

"Ranka ya daɗe, tamu na ciki. Rami ne, awaki ke shan inuwa a ciki. In sunan ya canza, motar haƙa ba za ta dawo ba."

Wannan a zuci na faɗa. A baki, "To" kawai ya fito.

Da ya ga ina jan hannu, ya karɓi kujerar. Da yatsa ɗaya, cikin minti shida, ya gama rijiyoyi sha huɗu. Jama'a, ku nuna min injiniyan da ya kai shi.

Da yamma na ba maƙwabciyata Mma Awawu labari, tana sauke jarka daga ka.

"To, ki ce masa ya zo ya sa wa randata suna 'Cike'. Wuyana ya huta."

Jiya baƙin suka iso. Babbansu, Malam Alidu, ya ce in daidaita kwafina da ajiya tukun. Na danna. Na'urar ta ga folda ta ɓace, ta dawo da ita: "Ba a Gama Ba", da rijiyoyinta sha huɗu cif. Ta Mai Girma kuwa ta liƙa mata alamar tambaya, wai ba ta san ta ba. Na'ura dai ba ta da ladabi.

Malam Alidu ya kwafe sunayen unguwannin, tamu ta uku, ya ce motar haƙa ta bi su. Sannan ya nuna alamar tambayar.

"Wannan fa, aikin wa?"

Na sunkuyar da kai ina kallon ƙyallen nan mai tsabta. Mai Girma ya ɗauki makullansa a hankali ya fice. Tun da na fara aiki, ran nan ne na san ya iya buɗe ƙofa da kansa.